Wuƙar Aljihuna da Bunsurun Baba Ayuba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gonar Baba Ayuba ba, shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Waɗanda suka ga abin har yau dariya suke yi, ni kuwa in na tuna sai kunya ta kama ni.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati, muna zaune a Barnawa ni da matata. Baba Ayuba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe yana aiki a masaƙa. Mutum ne mai ganin girman mutane, wani lokaci fiye da yadda suka cancanta. Tun da ya ga na ajiye gemu kuma ba na fashin masallaci, ya yanke hukuncin cewa ni malami ne. Malam kaza, Malam kaza. Ban taɓa gyara masa ba (daɗin sunan nake ji, gaskiya).

Ƙanensa ne ya ci kansila, shi ne Baba Ayuba ya ce sai ya tara jama'a a gonarsa ta Mahuta an ci an sha an gode wa Allah. Duk wanda ya zauna a wannan ɓangaren na Kaduna ya san yadda ake yi. In maƙwabci Kirista zai yi yanka don taro, Musulmi yake kira ya yanka masa, don kowa ya ci hankali kwance. Baƙo Musulmi kafin ya sa hannu a kwano sai ya tambaya a hankali, wa ya yanka? In amsar ba ta kwanta masa ba sai ya ce ya ƙoshi. Baba Ayuba ya gayyato mutanen Makera da Tudun Wada da suka taya ƙanensa yawon neman ƙuri'a, ya kuma gaya mini cewa in suka tafi ba su ci namansa ba, bai san da wane ido zai sake kallonsu ba. Bunsuru ɗaya ya tanada, ƙato, wanda ya yi wata shida yana kiwo.

Ya zo har gida ya ce ni zan yanka. Na ce ai wannan ba komai ba ne.

To bari in faɗa muku abin da ban faɗa masa ba. Ban taɓa yanka ko kaza ba. A gidanmu mahaifinmu ke yi, da na yi aure kuma mahauci nake kira, in sami dalilin shiga ɗaki har a gama. Jini ba ya yi mini daɗin gani. Amma da ya tambaye ni ko ya aro doguwar wuƙa wajen mahauta, sai na ji bakina yana cewa kada ya wahalar da kansa, na zaro tawa daga aljihu na nuna masa.

Wuƙar nan na saye ta wajen masu gwanjo a Tudun Wada, shekara biyu kafin nan. Irin mai naɗewa ce, ruwanta ya kai tsawon tafin hannu, ƙotarta ta katako mai ƙusoshin tagulla. Tana da makulli a baya. In ka buɗe ta sai ka ji ta ce ƙas, daga nan ba ta komawa sai ka danna wani ɗan ƙarfe. Wannan ƙas ɗin na saya. A ofis in an kawo rake ko mangwaro, ni ne nan, in buɗe ta a hankali yadda kowa zai ji. Mai gwanjon ya ja mini kunne cewa in na yi aiki da ita in wanke in shanya, sannan in ɗiga mata man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak, a mahaɗa. Ni kuwa na ga ai ban yi hauka ba da zan sa man inji a abin da nake yanka abinci da shi. Sai na koma wa man gyaɗar matata. Kuma da yake ni mai kyauta ne, ba ɗigo nake yi ba, tsiyayawa nake yi har ya gangaro ta ɗaya gefen. In goge da gefen riga in mayar aljihu. Na fere rake da ita, na buɗe gwangwanin tumatir, na kwance noti, ban taɓa sa mata ruwa da sabulu ba.

Kwana uku kafin taron tsoro ya fara kama ni. Na je wajen wani abokin aiki mai ɗan karatu, na yi masa tambaya a kan hukuncin yanka, wai wani ɗan'uwana ne ya aiko ni. Ya ce wuƙa ta zama mai kaifi, a fuskanci alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya gaba ɗaya. Sannan ya ƙara abin da ya hana ni sukuni. Ya ce in mutum ya fara yanka ya ɗage hannu kafin ya gama, ya daɗe bai koma ba, to dabbar na iya zama mushe. Na yi masa godiya a madadin ɗan'uwan nawa, na fito.

Ranar Asabar da safe na zauna a dakali na wasa wuƙar a jikin siminti. Da na buɗe ta sai na lura tana jan jiki, kuma ba ta ce ƙas ba. Na rufe na sake buɗewa. Shiru. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na shiga kicin na ƙara mata man gyaɗa, na ce wa kaina ai ta saba ne, shi ya sa ta daina ƙara. Matata ta dube ni ta ce ko in je in gaya wa Baba Ayuba gaskiya tun da sauran lokaci. Na ce mata maganar maza ce (ta tuna mini wannan amsar sau da yawa daga baya).

Mahuta a lokacin bayan gari ce sosai, gonaki da itatuwan mangwaro, gidan da ya fi kusa sai ka yi tafiya. Mun isa da hantsi. An jera benci a inuwa, mata sun ɗora tukwane, rediyon wata mota yana ta kiɗa. An zauna an haɗu, masu hula da masu kwat, ana ta hirar wanda za a ba kwamishina da wanda ba za a ba ba. Ni ban ji komai ba. Idona yana kan bunsurun da aka ɗaure a gindin mangwaro. Wuyansa kaɗai na kalla na kawar da kai. Na zagaya wajen mata da dabara don in ga ko akwai wata wuƙar, sai na tarar da 'yan ƙanana biyu na yanka albasa. Baba Ayuba ya yarda da maganata, bai aro komai ba.

Cikin baƙin akwai wani dattijo, Alhaji Buba, mai gyaran kekunan ɗinki a Makera. Siriri ne, ba ya yawan magana, amma in ya kalle ka sai ka ji kamar ya san abin da ka ci jiya. Da Baba Ayuba ya gabatar da ni a matsayin Malam mai yanka, ya dubi hannuna ya dubi fuskata, ya ce madalla. Tun daga nan na fi jin tsoronsa a kan bunsurun.

Aka haƙa rami, maza uku suka kayar da bunsurun suka danne, aka juya shi gabas. Jama'a suka taso suka kewaye mu. Na tsuguna, na naɗe hannun riga, na buɗe wuƙar, ina addu'a a zuci ta yi ƙarar nan ko sau ɗaya. Ba ta yi ba. Na kama haɓar bunsurun da hagu, na ce Bismillahi Allahu Akbar da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, na runtse ido (eh, na runtse ido), na ɗora wuƙa.

Bunsurun ya fizge kai. Haɓarsa ta kuɓuce mini ta daki bayan wuƙar, wuƙar ta naɗe a kan yatsuna.

Da farko ban ji zafi ba. Na buɗe ido na ga jini a wuyan bunsuru, ja wur a kan farin gashi, yana ɗiga cikin rami. Abin da ya faɗo mini shi ne na yanka rabi na ɗage hannu. Shi ke nan, na mayar da bunsurun Baba Ayuba mushe a gaban mutanen Makera da Tudun Wada. A raina har na hango baƙi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun ƙoshi, na ga Baba Ayuba tsaye shi kaɗai da tukunyar nama. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ina ta ƙoƙarin komawa in ƙarasa, wuƙa kuwa ta kama yatsuna biyu ta riƙe. Wani daga baya ya ce Alhamdu lillahi, an yanka. Bunsurun ya buɗe baki ya yi kuka mai ƙarfi, lafiyayye, irin wanda dabba mai yankakken maƙogwaro ba za ta iya ba.

Alhaji Buba ya tsuguna, ya ce kada kowa ya saki. Ya sa yatsa ya buɗa gashin wuyan yana dubawa, a hankali, kamar mai neman zare a cikin keke. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba.

"Ko fata ba a taɓa ba," in ji shi. "Jinin na Malam ne."

Na dubi hannuna a karo na farko. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a kan tabarma, ƙafafuna a kan benci, matar Baba Ayuba, wadda nas ce, tana ɗaure mini yatsu da yankin zane tana cewa in daina kallo. Hulata tana hannun kansila.

Daga inda nake kwance na ga sauran. Alhaji Buba ya ɗauki wuƙar, ya juya ta, ya kai hanci ya sansana.

"Malam, ƙosai ake soyawa a cikin nan?"

Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya sa aka ɗebo masa ruwan zafi daga tukunyar mata da ɗan omo, ya jiƙa wuƙar, ya karɓi tsinken tsintsiya ya shiga sakace ramin makullin. Abin da ya fito ba na so in tuna. Wani baƙin danƙo ne, haɗin man gyaɗa na shekara biyu da ɓawon rake da audugar aljihu, ya cushe inda ƙarfen ya kamata ya faɗa. Yana aiki yana bayani, ba ni yake kallo ba amma kowa ya san da wa yake. Ya ce man girki in ya daɗe a ƙarfe daskarewa yake yi ya kama datti, kuma wuƙar da ba ta yi ƙara ba ba ta kulle ba, kada a yarda da ita. Ya ɗauraye, ya goge tas da rawaninsa, ya buɗe. Ƙas. Ya daki bayanta a jikin itace sau biyu, ba ta motsa ba. Ya dubi kaifin da na lalata da siminti, ya girgiza kai, ya nemi dutse mai santsi ya gyara. Sannan ya tsuguna ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya aka gama.

Na so a ce laifin wuƙar ne. Na so ta karye ma, in sami abin faɗa. Amma ga ta nan ta yi aikin a gaban kowa, a hannun wanda ya iya.

Baba Ayuba ya zo ya zauna kusa da ni. Na yi zaton faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce in yafe masa, shi ya ɗora mini wahala. Na rasa inda zan sa fuskata. A nan, ina kwance, na gaya masa ban taɓa yanka ko kaza ba, kuma ni ba malami ba ne, gemu ne kawai. Ya ce da na faɗa masa tun ranar da ya zo gidana ai da ya nemi wani, ba wani abu ba ne. Ya ce shi abin da yake so mutane su ci nama.

Sun kuwa ci. Har waɗanda suka zo a makare, na ji suna tambaya a hankali wa ya yanka, ana nuna musu Alhaji Buba, suna gyaɗa kai suna jawo kwano. Ni ma aka kawo mini nawa, na ci da cokali da hannun hagu, mutane suna wucewa suna yi mini sannu da aiki.

Tun daga ranar nake wanke wuƙata in shanya, in ɗiga mata ɗigo ɗaya, kuma ba na ɗora ta a kan komai sai na ji ta kulle. Wannan ƙaramin darasin ke nan. Babban shi ne na koyi furta "ban iya ba", kalma uku, kuma na gano ana faɗarsu a tsaye, ba sai an jira an kwantar da mutum a tabarma ba. Da Kirsimetin shekarar da ta biyo baya, Baba Ayuba ya sake aikowa a kira ni wajen yanka, na je da wuri, aka ba ni ƙafar baya na riƙe.