Ranar da Na Share Rabin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wannan Litinin ba. Har yau mutanen layinmu a Samaru suna cewa bairos ne ya kwantar da kwamfutar shagon da nake taifin. Ba bairos ba ne, ni ce.

Bitrus, ƙanin mai shagon, shi ya ɗora mata wani tsarin aiki mai suna Linux kusa da Windows. Kullum in na kunna sai ta tsaya tana tambayata wanne nake so, kamar mai tuwo. Ni kuwa ban da haƙurin tambaya. Rannan wuri ya cika, na leƙa na ga rabin faifan ajiyarta a hannun wani abu marar suna. Na share shi (har da cewa "alhamdulillahi").

Da na sake kunnawa, sai baƙin allo da ɗan rubutu. A ciki kuwa akwai furojet ɗin Anti Ladi, wata ɗaliba mai 'ya'ya uku, da za ta miƙa washegari.

Me na yi? Na juya kanta. "Anti, filas ɗin nan naki da kike soka wa kwamfuta ne ya kawo bairos. Kuna yawo da shi kafe-kafe kamar kofin masallaci!" Na ƙulle shi a leda, na ce kada ya sake shigo mana. Baiwar Allah har haƙuri ta ba ni.

Ni da ita muka ɗauki kwamfutar a acaɓa zuwa PZ, wajen Oga Emeka mai gyara. Ina ta yi masa lacca a kan bairos, shi yana duba allo.

"Hajiya, wa ya goge ɗayan?"

"Wane ɗayan?"

"Mai tambayar nan da safe, a ɗakin Linux yake kwana. An rushe ɗakin, wa zai buɗe wa Windows ƙofa? Filas ba ya wannan. Hannu ne."

Ya sa faifan Windows, ya buga kalma ɗaya, ta tashi. Furojet na nan lafiya lau. Anti Ladi ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Hannu kawai ta miƙo: "Ƙanwata, a sako min mai laifin daga leda."

A hanyar dawowa na fahimci cewa abin da ban san sunansa ba, ba lallai shara ba ne. Da yamma na je na sami Bitrus, na ce ya mayar da abinsa, amma ina zaune a gefe, kuma duk abin da ya danna sai ya faɗa mini dalili.