Rasuwar Dattijo, Injin da Ake Tayarwa da Ƙishirwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da rasuwar Dattijo, injin dizal ɗin da ya riƙe shagon katakon mahaifinmu tun kafin a yaye ni. Ya rasu ranar Talata da safe, ana cikin yankan ƙofofin wata makaranta da har yanzu take jiranmu.

Marigayin ba mai ƙorafi ba ne. Abu guda yake buƙata. In ya kwana, baƙin mai yakan sauka ya taru a ƙasa, gaɓoɓinsa su bushe. In aka tashe shi a haka, ƙarfe ke cin ƙarfe kafin man ya hau. Shi ya sa da na dawo daga karatu, abin da ke jakata kaya kala biyu ne, da takardar shaida, da famfon hannu na tura baƙin mai sama. Babu tsaraba, an kuma yi mini gori. Na ɗaura famfon da kaina, na nuna wa kowa: a buga har allurar ma'aunin mai ta motsa, sannan a murɗa makulli.

In ni na tashe shi, "dum-dum-dum" yake cewa cikin natsuwa. Da na koma kula da masu kawo aiki, sai na fara jin "ƙar-ƙar-ƙar" ta bango kafin muryarsa ta daidaita. Na tambayi Kawu, ƙanin mahaifinmu, mai riƙe da makulli. Ya ce, "Ɗana, tsufa ne. Ni ma haka gwiwata take yi da safe." Na ce ana dai buga famfon? Ya ce, "Kullum! Har kafaɗa ta riƙe."

Bakanike ya buɗe gawar, ya shafo garin ƙarfe da yatsa, ya ce wannan ba tsufa ba ne.

Ban kama sunan kowa ba. Ina dai shaida wa jama'a cewa ranar rasuwar ba a ga hannun famfon a mazauninsa ba. An same shi ya tokare tagar ofishin Kawu. Ja ne lokacin da na kawo shi. Yanzu shuɗi ne, irin na tagar, fentin bara, kuma sai da guduma ya rabu da katakon. Kawu ya ce masu fentin zamani ba su da tarbiyya.

Ya rasu ya bar babban zarto, da injin goge katako, da fankoki, da firijin Inna, wadda ta fi kowa kuka.

Jana'iza ranar Asabar a bayan shago, 'yan gwangwan ne za su ɗauke shi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya ce mini lokaci ne ya yi.

Magajinsa na hanya. Na rufe ƙofar ɗakin inji, na kai wa mai walda hannun famfon, ya haɗa shi da sabon makullin ƙofar da sarƙa. Kawu ne zai ci gaba da riƙewa. Taga kuwa, ya nemi sanda.