Yadda Za Ka Raba Minista da Firijinsa Yana Dariya

"Kashe rediyon nan, Peniasi, kafin shi ya kashe ka."

"Ki bari in ji ƙarshe, Akanisi! Wai famfon da suka gina a shataletalen birni, ruwansa har rawa yake yi, ga fitilu kala-kala. Mu nan sukari ya fi ƙarfin shayinmu, su can ruwa suke koya wa rawa!"

"To tashi ka taya shi mana, ko a ƙara maka fansho."

Kakana ke nan, Tukai Peniasi, da kakata, Bubu Akanisi, a nan tsibirin Yanuloa. Haka suke buɗe kowace safiya tun kafin a haifi mahaifiyata. In kai ma irin Tukai ne, ka tsufa kana zagin kasafin kuɗi, fanshonka na ƙarewa kafin wata ya raba, jininka na hawa tare da farashin fulawa da kananzir, to matso kusa. Zan koya maka yadda ake karɓar haƙƙi a hannun minista ba zanga-zanga, ba ɗan sanda, kuma ya tafi yana dariya. A gabana aka gwada hanyar, ta ci. In ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari ba za ka tashi a banza ba.

Mataki na 1: Zaɓi ɓacin rai guda ɗaya

Kuskuren tsofaffi shi ne haɗama wajen fushi. Tukai yana fushi da sababbin motocin ministoci, da tsadar kifin gwangwani, da taron da aka yi a otal kan walwalar tsofaffi ba tsoho ko ɗaya a wurin. Fushin da aka raba wa abu goma ba ya ƙona ko ɗaya. Ajiye sauran, ka riƙe wanda ya fi ci maka rai.

Shi Tukai ba shi ya zaɓa ba, zaɓa masa aka yi. Firijin ƙaramin asibitinmu ya mutu tun damina biyu da suka wuce, ita kuwa Bubu allurar ciwon sukari take yi, wadda ba ta jure zafi. Nas Unaisi ta gwada tulu, ta gwada rataya kwalbar a rafi, daga baya ta zo gida ta zauna a bakin tabarma.

"Bubu, na gaji da yi miki allurar da ban san ko tana da rai ba. In ba firij, sai dai Suva, babban birni."

Mahaifiyata da ke Suva ta ce a sako Bubu a jirgin ruwan kaya na gaba. Ɗakinta ɗaya ne, mutum ɗaya zai ɗauka. Ni na haɗa jakar da hannuna, ina yi ina share hanci. Na karanta littattafan soyayya har idona ya fara ciwo, amma ban taɓa cin karo da shafin da ya kai wannan ba: tsoho ya wuce ta gaban jaka ya kau da kai, kamar ita ce ta zage shi.

Mataki na 2: Kada ka je wurinsu, za su zo

Kada ka ɓata kuɗin jirgi kana bin ofis-ofis. Gwamnati ba ta iya daɗewa ba ta gina wani abu da babu wanda ya roƙa ba, kuma duk abin da ta gina sai ta zo ta yanke masa ƙyalle. Haƙuri kawai za ka yi.

Mu ƙofa aka yi mana. Ƙatuwar ƙofar siminti a bakin teku, ba katanga hagu, ba katanga dama, an rubuta wa 'yan yawon buɗe ido barka da zuwa. Ɗan yawon buɗe ido na ƙarshe da ya sauka a Yanuloa injin jirginsa ne ya lalace. Awaki dai sun ji daɗin inuwar. Sai aka aiko cewa Minista da kansa zai zo buɗe ta. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da iyali.

Mataki na 3: Binciko kakannin baƙonka

Nan ne gwanintar take. Kada ka tambayi jam'iyyarsa, tambayi garinsu.

Da aka manna hotonsa a jikin coci, Bubu ta tsaya ta ƙura masa ido.

"Peniasi, zo ka ga kunnuwa. Wannan ɗan Koroivula ne. Ko a duhu na shafa kunnuwan nan na san garinsu."

Tukai ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin a haɗa jaka. Mutanen Koroivula taubasanmu ne, kakan kakanninmu ɗaya, da "Tau" muke kiran juna. Ka san dokar. Taubashi ya zage ka a gaban surukanka, dariya za ka yi. Ya shiga gonarka ya tuge gwaza, ya kama maka kaza ko alade, ba ka da bakin magana. Wanda ya ɓata rai ya jawo wa garinsu abin gori har jikoki.

In ka duba ka ga ministanka ba taubashinka ba ne, sake dubawa. Tsofaffin mata ba su taɓa neman zumunci sun rasa ba.

Mataki na 4: Tafi tarbar da matarka

Kai za ka tsaya kallon fuskarsa kana tafasa. Ita kayansa za ta kalla.

Niyyar Tukai ba ta wuce ya zazzagi Minista son ransa ya huce ba. Amma da farin jirgin ruwan Minista ya tsaya, muna jere a rana da furanni a hannu, sai sakataren Minista ya durƙusa ya buɗe wani ɗan firij a cikin jirgin, ya ciro lemo mai raɓa ya miƙa wa maigidansa. Wayar firijin ta hau rufin jirgi ta shige ƙarƙashin faifan sola. Bubu ta bi wayar da ido tun daga ƙasa har sama, sannan ta mintsini Tukai.

"Ka gani?"

"Na gani. Ko tayi bai yi mana ba, marowaci."

"Ba lemon ba, tsohon banza. Gidan lemon."

Mataki na 5: Zaunar da shi

Baƙo ba ya yanke ƙyalle sai ya sha yangona, jiƙon saiwar da muke tarbar baƙi da shi, kuma ba ya miƙewa sai akushi ya ƙare. Saboda haka ka daka saiwar da yawa, ka sa mai zubawa ya kasance mai nauyin hannu. Ka tabbatar mai ɗaukar hoton da suka zo da shi ya kunna na'urarsa, domin shi ne igiyarka.

Aka shiga zauren gari, aka tafa, Minista ya shanye ƙoƙon farko ya gyara zama zai fara jawabi. Tukai ya riga shi.

"Tau! Ashe kai ne. Ya teku? Na ji an ce ku mutanen Koroivula ko a kwanon wanka amai kuke yi."

Sakatare ya zaro ido. Minista ya dubi tsofaffin da suka kewaye shi, ya gane inda ya faɗo. Sai ya fashe da dariya.

"Ashe gidan mahaukata na zo! Tau, ba ku ne kakanninku suka ɗaura wa tsibirin nan igiya za su ja shi kusa da kasuwa ba?"

"Mu ne. Da kun saya mana igiya mai ƙwari a maimakon ƙofa, da yanzu mun iso."

Zaure ya ɗauka. Bar shi ya ji daɗi, ya saki jiki, ya sha na biyu da na uku. Sannan ka kawo kukanka. Tukai ya faɗi maganar firijin asibiti da allurar Bubu.

Yi hattara a nan, minista ba ya rasa amsa. Namu ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Tau, wannan ai ƙaramin abu ne. Ga jirgina. Yau ɗin nan in tafi da ita birni, can manyan asibitoci suke. Me tsohuwa take yi a tsibiri?"

Mutanensa suka yi tafi. Na dubi Tukai. Tayin ya mantar da shi firijin jirgin. Daga layin mata Bubu ta yi gyaran murya, irin wanda take yi in ya manta gishiri a kanti.

Mataki na 6: Yi tambaya guda, mai ƙofa biyu

Kada ka roƙa. Roƙo kwamiti yake haifarwa. Tambaya za ka yi, da murmushi, fuskarka na kallon mai ɗaukar hoto.

"Tau, ɗan firijin nan na jirginka, mai sanyaya maka lemo. Shi ma da harajinmu aka saya?"

Ka ga kyan tambayar? In ya ce na gwamnati ne, gobe duk ƙasa za ta ji cewa akwai firijin lemo, babu na allura. Minista ya saci kallon na'urar, ya ɗaga murya.

"Allah ya kiyaye! Nawa ne, da guminna na saya. Ko kwabon gwamnati babu a ciki."

"Naka ne na kanka?"

"Nawa ne, Tau, har faifan solar."

"Madalla," in ji Tukai. "A ƙara wa taubashina ƙoƙo."

Da na waiwaya, layin mata ba kowa.

Mataki na 7: Tura tsofaffin mata, kada ka tura samari

Saurayi in ya ɗauki kaya, sata ce. Tsohuwa in ta ɗauka, al'ada ce. Matan zumuntar coci suka gangara bakin teku da baro, masu ciwon gwiwa a gaba don kada a ce gudu ake yi. Torika, wadda ta yi zaman aure da makanikin jirgi har ya rasu, ita ta zo da sufana. Direban jirgin ya miƙe zai yi magana, Bubu ta tambaye shi garinsu. Koroivula. Shi ya sauko musu da faifan.

Kada ka bi ta bayan gari da kayan. Ta ƙofar zaure za ka wuce, da waƙa. Haka suka yi, firij a baro an rataya masa furannin da aka tanadar wa ƙofar siminti, Nas Unaisi na biye tana cewa ita fa ba ta ga komai ba. Lemon kuwa an jere wa Minista abinsa a kan yashi, mu ba ɓarayi ba ne.

Sakatare ya zabura. "Ranka ya daɗe, firijin ofi..."

"Zauna!" in ji Minista, yana murmushi da haƙora kawai. "Nawa ne na ce."

Ya dubi baro, ya dubi na'ura, ya dubi dattawan da ke jiran su ga ko ɗan Koroivula zai ɓata rai. Sai ya yi dariya, ya yi ta yi har da buga cinya. Ban taɓa ganin dariyar da ta yi kama da ciwon haƙori kamar wannan ba.

Mataki na 8: Ɓoye abin da kake so

Wannan matakin mu ma mun manta da shi, shi ya sa nake ja maka kunne. Taubasantaka hanya ce mai zuwa da dawowa.

Bayan an yanke ƙyalle, awaki sun koma inuwarsu, Minista ya ce sai ya ga gidan taubashinsa. Ya shiga ya waiga. Ga tabarmi masu kyau, ga kaji a tsakar gida, bai kula su ba. Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauke rediyon.

"Tau, an ce da wannan kake zagina kullum. Bari in rage maka hawan jini."

Tukai ya buɗe baki. Duk gari na kallo. Ya haɗiye, ya yi tasa dariyar ciwon haƙorin.

"Ɗauka, Tau. Dama ƙarya kawai yake kamawa."

Ya raka rediyon da ido har jirgi ya zama ɗigo a teku.

Jan kunne

In ka gwada wannan hanya aka kira maka 'yan sanda, ba ruwana. In ministanka ya fito daga garin da ba su san wasa ba, ko ya ɗauke maka alade a maimakon rediyo, ko aka aiko muku da ƙofa ta biyu don huce haushi, ni ban san ka ba, ban taɓa rubuta komai ba. Fansho dai bai ƙaru ba, sukari bai sauko ba, ruwan birni na nan yana rawarsa. Firij ɗaya na yi maka alkawari, ban ce zan gyara ƙasa ba.

Da la'asar Nas Unaisi ta aiko a ce firij ya ɗauki sanyi, kwalaben sun shiga. Tukai na zaune a bakin ƙofa yana kallon tagar da babu rediyo. Bubu ta kawo masa shayi ta zauna kusa da shi, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ni kuwa na tsaya a bayansu ina ta aikin hawaye.

"Yanzu wa zan zaga da safe?" in ji Tukai.

"Ga ni. Da can wa kake zagi kafin a ƙirƙiro rediyo?" Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma Salanieta, kukan ya isa, ba littafi ba ne. Jeki kwance jakar nan, ki mayar da zannuwana inda kika ɗauko su. Ki gaya wa uwarki ta bar ɗakinta. Ba inda zan je."