Rasuwar Mafutha Ƙarami a Tudun Hwange

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, iyalan Baba Mlotshwa na unguwar Sizinda, Bulawayo, suna sanar da dangi da abokan arziki cewa Mafutha Ƙarami ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Asabar da hantsi, a bainar jama'a, a zauren ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, wajen baje kolin jiragen wasa, yana tsaka da jan taragai talatin a Tudun Hwange, wato tudun katako da aka gina a kan teburi biyu. Hayaƙi ya fito masa ta inda kamfani bai yi wa hayaƙi ƙofa ba. Baba Mlotshwa ya tsallake igiya, ya ture kujera, yana ihu a kashe wuta, amma kafin a kai ga soket mai afkuwa ta afku.

Marigayin kan jirgi ne na wasa, samfurin mai tururi, baƙi wuluk, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. An haife shi a wata masana'anta ta ƙetare, ya iso Bulawayo a cikin kwali mai tagar leda. Shi ne ƙanin Mafutha Babba, jirgin gaske da Baba Mlotshwa ya tsufa yana tuƙawa da kwal daga Hwange. Kamarsu ɗaya, lambarsu ɗaya. Har lotsawar da giwa ta yi wa babban a gefen hagu, Baba Mlotshwa ya ɗauki cokali ya yi wa ƙaramin irinta, idonsa cike da ƙwalla.

Mafutha Babba ya daɗe da ajiye aiki. Yana can bayan tsohuwar rumfar jirage, bishiya ta tsiro ta gefen tukunyarsa. Amma ya tafi hutu da suna guda wanda duk Sizinda ta haddace, don Baba Mlotshwa bai bar kowa ya manta ba: Mafutha bai taɓa tsayawa a tudu ba. Tun da babban ya daina motsi, ƙaramin ne yake riƙe wa gidan wannan suna.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa shiga yajin aiki ba. In aka ɗauke wuta sai ya tsaya inda ta same shi, ko a tsakiyar gada ce, bai ce uffan ba har a dawo da ita. Fasinjojinsa na roba, waɗanda aka manne da gam a tasha, sun shekara da shekaru suna jira ba wanda ya kai ƙara. Maƙwabta za su riƙa tuna muryarsa ta safe, cuku-cuku-cuku, da ɗan usur ɗinsa, fiiit, wanda ke sa karen gidan barin ɗaki. Ya rayu a kan teburin cin abinci, iyalin kuwa suka koma cin tuwon masara a kan cinya.

Ajalinsa ya faro ne daga bakin Gumbo, tsohon direban jirgin dizal, wanda ya zo baje kolin da sabon ɗan jirginsa mai launin ɗorawa. Jirgin Gumbo ya haye tudun da taragai talatin kamar yana tafiya coci.

“Tsoho, mayar da butar shayinka kwali,” in ji Gumbo. “Wannan tudu ba na 'yan fansho ba ne.”

“Ku da kuke tuƙi da farar riga?” Baba Mlotshwa ya ce. “Jona masa talatin ɗin. Ƙara masa da taragon gadi.”

Matarsa MaNyathi ta bar teburin shayi ta matso. “Baban Nomsa, a gida goma yake ja, shi ma da nishi.”

“A gida ba 'yan kallo.”

Mafutha ya tashi da kyau. Ya wuce gada, ya wuce shanun roba, ya kama tudu. A tsakiya sai ƙafafunsa suka fara juyawa a wuri ɗaya, layin dogo ya yi masa santsi. Gumbo ya fara tafi a hankali. Duk direban tururi ya san maganin wannan tun yana sabon shiga: in ƙafa ta zame, sai a sakar wa dogo yashi. Hannun Baba Mlotshwa bai yi shawara da kansa ba. Ya zaro gwangwanin taba daga aljihu, wanda yake yawo da shi cike da yashin da ya ɗebo daga akwatin yashin Mafutha Babba ranar sallama, ya barbaɗa a kan dogon da bai kai faɗin yatsa biyu ba.

A faɗi gaskiya, ya yi aiki. Mafutha ya cafki dogo, ya yunƙura, tsofaffin masu zuba kwal suka miƙe suna kiran sunansa. Ya yi tafiyar taƙi guda. Daga nan ya yi kalamansa na ƙarshe, ƙarrr, ƙarrr, tak. Yashin ya shige cikinsa, ya cinye wani ɗan faifai mai haƙora da bai kai ƙwayar wake ba.

An yi iya ƙoƙari. Mai gyaran agogo na kasuwa ya buɗe shi, ya duba, ya cire hularsa. Nomsa, 'yar Baba Mlotshwa, ta tuntuɓi masana'antar daga Johannesburg, suka ce sun daina ƙera irinsa tun tuni, ba su da kayan gyaransa, wanda ya san shi ma ya yi ritaya. Suka ce akwai wani sabo mai batir da ke rera waƙa. Iyalin sun ɗauki wannan a matsayin cin fuska.

Baba Mlotshwa na son jama'a su san abu biyu. Na ɗaya, ba yashi ba ne, tudun ne 'yan dizal suka gina shi ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu, Mafutha bai tsaya a tudu ba. Rasuwa ya yi, kuma rasuwa daban, tsayawa daban. Duk mai wata fassara kada ya zo ta'aziyya.

Ya rasu ya bar taragai arba'in da ɗaya, marayu, ba mai jan su. Da mai ba da hannu ɗaya na roba wanda har yanzu tutarsa a ɗage take. Da wansa Mafutha Babba, wanda ba a gaya wa ba tukuna saboda yanayin jikinsa. Da MaNyathi, wadda ta jure rashin da ƙarfin hali, har ta shimfiɗa wa teburin sabon mayafi tun kafin a sauko da kwalin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Za a ɗauko shi daga gida a cikin kwalinsa na haihuwa, a bi ta gaban tasha, a sa shi a cikin murhun Mafutha Babba, a rufe ƙofa, ƙani ya kwanta a cikin wansa. Akwai shayi da burodi. Ba a buƙatar furanni. Kada kowa ya zo da yashi.

Sai dai an sami ɗan canji. Jiya Baba Mlotshwa ya je share murhun, Gumbo na biye da shi riƙe da tsintsiya, don tun ranar Asabar kunya ta hana Gumbo haɗa ido da kowa. Suna cikin shara wata babbar mota ta tsaya, bayanta cike da tukwanen gas na yankan ƙarfe. Wani baƙo mai hular kwano ya sauko, ya zagaya Mafutha Babba yana ƙwanƙwasa shi da guduma, sannan ya zana masa layi da alli daga sama har ƙasa.

“Ɗana, me kake yi wa jirgina?”

“Naka ne, Baba? To ka kwashe abin da kake so a ciki. Ranar Asabar za mu fara ta nan.” Ya leƙa kwalin da ke hannun tsohon. “Wannan ma ƙarfe ne?”

Saboda haka ana roƙon masu ta'aziyya su yi sammako, kowa da kujerarsa da lemarsa, a jera a kan dogo gaba da bayan Mafutha Babba, kada a bar wa mota hanya. Gumbo ne zai zauna a sahun farko. Baba Mlotshwa ya amince da haka, ya ce in dai tsayawa a hanya ne a hana kowa wucewa, ba wanda ya kai ɗan dizal ƙwarewa.