Lokotoro Kash da Babban Wanki

Allah ya yi wa Agadas baiwa da yawa. Ya ba ta dogon masallaci, ya ba ta maƙeran azurfa, ya kewaye ta da lambuna. Da ya ga har yanzu da saura, sai ya ƙara mata Mushe Zaharaddin, wato Monsieur a bakin Faransawa.

Masana sun cika duniya, amma irin Zaharaddin sai an tona. Ko sallama aka yi masa ba ya amsawa sai ya gyara karabat ɗin wuyansa tukuna. Rana na narka kwalta, shi yana cikin baƙar kwat, jaka a hammata, da wani baji rataye a wuya. Rubutun bajin ya daɗe da koɗewa, igiyar ta yi baƙi da gumi, amma ba ya cire shi. Liman ma ya gaji da kallonsa yana lilo a ruku'u, ya haƙura.

Asalin bajin daga Yamai ne. Wata ƙungiya ce ta kira horon ordinater, wato kwamfuta, na ƴan kwanaki. Wanda aka gayyata ya kwanta ciwon haƙori, sai Zaharaddin, maƙwabcinsa, ya sadaukar da kansa ya hau bas a madadinsa. Zauren horon akwai sanyin na'ura, akwai kujeru masu laushi, akwai nama sau biyu a yini. Gwanin namu ya yi barci irin wanda bai taɓa samu ba tun yaye. Sai ranar ƙarshe ya farka, daidai lokacin da mai koyarwa ke bayanin abin da ake kira vider le cache.

Abin ba wani tsafi ba ne. Navigateur, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, yakan ajiye hotuna da tarkacen shafukan da aka taɓa buɗewa, don gobe su buɗe da sauri. Wannan ajiyar ita ce cache, a baki kuma kash. Wani lokaci mai shafi yakan canza kayansa, ordinater ta nace sai tsohon za ta nuna. To sai a share ajiyar. Maɓallai uku ake dannewa tare, akwati ya fito, a ce masa goge. Zaharaddin ya ga wannan da idonsa, ya koma barci. Washegari ya nufo arewa a matsayin Expert.

Sa'a kuma tana sonsa. Akwai ƙungiyar mata masu aikin fata a tsohon gari, suna da ɗan buro da tsohuwar ordinater guda a kan tebur. Shugabarsu Hajiya Kadidia, mace mai gajeren haƙuri da dogon aiki. Wani ɗan'uwansu a Yamai ya sa musu hotunan sababbin jakunkuna a shafinsu na talla, amma duk sanda suka buɗe a buro sai tsofaffin suke gani. Har an fara cewa ɗan'uwan ƙarya yake yi.

Zaharaddin ya shigo. Ya shinshina bayan ordinater. Ya kara kunnensa a jikinta kamar mai sauraron cikin akuya.

"Mesdames," in ji shi, "la situation est grave. Cikinta ya ƙulle. Da kun ƙara kwana biyu, da sai dai jana'iza. Kowa ta juya baya."

Mata suka juya suna kallon bango. Ya danna maɓallansa uku. Da suka waiwayo, ga sababbin jakunkuna reras a fuskar ordinater. Wata ta yi guɗa. Nan take aka naɗa shi mai kula da na'urar ƙungiya. Shi kuwa, don nuna an shiga sabon zamani, ya buɗe musu sabon akwatin saƙo, wai tsohon adireshinsu bai yi kama da na manyan mutane ba.

Daga ranar gari ya san an yi lokotoro, likitan na'ura. Kuma da yake duk wanda ya kawo masa kuka amsarsa ɗaya ce, "C'est le cache", sai ƴan shayin bakin kasuwa suka laƙaba masa Lokotoro Kash. Ya ji, ya kuma ji daɗi. Rabin farko na sunan kawai kunnensa ke kamawa.

Maganinsa ɗaya, cututtuka dubu. Ɓeran ordinater ya daina motsi? Kash ne. Na'urar buga takarda ta ƙi fitar da rubutu? Kash ne, ko da tawada ce ta ƙare tun watan jiya. Akwai Marwan, mai jigilar kayan lambu daga Iferwan, da ya kira shi don ordinatarsa ta ƙi kunnuwa sam. Lokotoro ya sa fararen safar hannu, ya kori kowa waje, ya zauna gaban baƙin gilashi yana danna maɓallai uku da ƙarfi. Can aka maido da wutar unguwa, wadda dama ita ce aka ɗauke. Ordinater ta yi ƙara ta tashi. Ya fito yana share goshi.

"Ta so ta gagare ni," in ji shi. "Amma na bi ta ta ƙarƙashi."

Marwan ya ba shi kwandon tumatir. Wani mai lambu daga Dabaga ya taɓa kawo masa buhun albasa, shi da ko ordinater ba shi da ita, don dai a san juna kafin ranar buƙata.

A gida ma ilimi bai bar kowa ya huta ba. In matarsa Nafi ta tuna masa alkawarin da ya yi na gyara rufin kicin, sai ya kaɗa kai cikin tausayi.

"Madame, kanki ya cika da kash. Tsohon shafi kike gani. Ni na wuce nan."

Nafi takan dube shi, ta dubi rufin, ta ci gaba da tankaɗe.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Duk wannan gwaninta a ɓoye ake yin ta, mutane na kallon bango. Me amfanin ilimin da manya ba su gani ba? Sai ya yanke shawarar shirya biki, ya sa masa suna Journée du Grand Nettoyage, ranar babban wanki. Ya aro na'urar haska hoto, ya rataya farin zanen gado a bangon tsakar gidan ƙungiyar, ya jera kujerun haya. Ya gayyato mai unguwa, da wani daraktan lekol, shugaban makaranta mai ritaya, da Marwan, da duk wanda ya san yana da babbar riga.

Hajiya Kadidia ta yarda da bikin ne saboda dalili guda. Wata Baturiya mai kanti a ƙasar waje ta ga hotunan jakunkunan, ta yi ta rubuto musu, har ta ce a ranar za ta aiko da maganarta ta ƙarshe, kuma tana son amsa kafin yamma, in ba haka ba za ta nemi wasu. Matan sun shafe watanni suna jima da rini da ɗinki saboda wannan ciniki. Hajiya ta ce in an gama wankin sai a buɗe saƙon a gaban kowa, a yi murna tare.

Da hantsi wuri ya cika. Lokotoro ya miƙe, ya buga makirfo da yatsa har yara suka toshe kunne.

"Honorables invités! Yau tarihi zai zauna a kujerar gaba. Ƙananan ma'aikata, waɗanda ba su je Yamai ba, sukan share kash kawai su tafi. Wannan wankin fuska ne. Ni yau wankan tsarki zan yi mata, daga ƙafa har ka. Nettoyage total! Abin da za ku gani, ko a Turai sai an cike takarda ake kallonsa."

Aka tafa. Ya danna maɓallai uku, akwatin ya bayyana ƙato a jikin zanen gado. Layuka ne jere, kowane da ɗan gurbi a gefensa. A Yamai gurbi ɗaya aka nuna masa. Amma gurbi ɗaya a gaban mai unguwa? Ya bi su duka yana cikewa, yana kiran sunan kowane da murya irin ta mai shela. Tarihin shafuka, ya cike. Cookies, ya cike, ya kuma bayyana wa jama'a cewa wani irin biskit ne da ke jawo wa na'ura tururuwa. Mots de passe, wato kalmomin sirri, ya cike. Wajen lokaci ya zaɓi tun daga farko. Sannan ya ɗaga yatsa sama, ya bar shi can har wuyan mutane ya gaji, ya sauke.

Ordinater ta ɗan yi tunani, ta yi abin da aka ce.

"Voilà! Kamar yau aka haife ta."

Ba ƙarya ya yi ba. Kamar yau aka haife ta, ba ta san kowa ba.

"Madalla," in ji Hajiya Kadidia. "To buɗe mana saƙon."

Ya shiga shafin akwatin saƙo. Shekara da shekaru, da an taɓa yake buɗewa, don navigateur ya riƙe kalmar sirrin. Yau sai ga gurbi fari fat yana jira: mot de passe.

Lokotoro ya yi murmushi. Ya rubuta wani abu. Jan rubutu ya fito. Ya gyara karabat, ya sake. Jan rubutu ya sake fitowa.

"Wa ya rubuta kalmar a takarda?" ya tambaya, ba tare da makirfo ba.

"Kai ka hana," in ji Hajiya. "Ka ce kanka ya fi kowane kayen rubutu."

"C'est un petit problème de réseau."

"Zaharaddin." Yau babu Mushe, babu Lokotoro. "Ka ga matan nan? Dubi hannuwansu. Rini bai fita ba har yanzu. In yamma ta yi ba mu amsa wa matar nan ba, kai za ka saye jakunkunan, ka rataya su duka a wuya tare da wancan abin."

Gumi ya fara bin igiyar baji. Daraktan lekol, wanda ke karanta duk abin da ya gani a bango saboda sabo, ya nuna wani ƙaramin layi da sandarsa. "Ga shi can an ce in ka manta ka taɓa nan."

"J'allais le faire," in ji Lokotoro, ya taɓa.

Sai shafin ya kawo tambayar sirri, wadda shi da kansa ya zaɓa ranar da ya buɗe akwatin, shi kaɗai a ɗaki. Darakta ya karanta da ƙarfi, ya kuma fassara don amfanin jama'a: "Wane suna ake kiranka da shi kana yaro?"

Lokotoro ya daskare. Ya tuna. A lokacin ya ga dabara ce babba, don a Adarbisanat ya girma, kuma duk Agadas babu mai sanin amsar.

"Jama'a su juya baya," ya ce.

Babu wanda ya motsa. An gayyace su kallo, kallo kuma za su yi. Ya kai hannu zai kashe na'urar haskawa, Hajiya ta riƙe wayar na'urar.

"Bar ta. Ka ɓata a gabanmu, a gabanmu za ka gyara."

Ya rubuta Le Génie. Shafin ya ƙi. Ya rubuta Professeur. Shafin ya ƙi, ya ƙara da gargaɗi, darakta kuma ya fassara: saura gwaji ɗaya, daga nan a rufe akwatin.

Wata tsohuwa cikin masu ɗinki ta fara salati a hankali. Lokotoro ya dubi ƙofa, ya ga Marwan ya cike ta da kafaɗunsa. Ya dubi Hajiya, ya ga babu hanya ta nan ma. Ya sunkuyar da kai, ya sa yatsa ɗaya. Haruffa suka riƙa fitowa a jikin zanen gado, kowane ya kai girman tulu, darakta na bin su ɗaya bayan ɗaya kamar a aji.

"A... ma... la... la."

Sunan da yara ke yi wa mai fitsarin kwance.

Shafin ya yi kore. Ya ce Bienvenue.

Mai unguwa ne ya fara dariya. Ya so ya mai da ita tari, ta ƙi, rawaninsa ya karkace. Daga nan wuri ya ɓarke. Marwan ya zauna a ƙasa. Nafi, can baya cikin mata, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, kuma ba kuka take yi ba.

Hajiya Kadidia kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa aka zaɓi sabuwar kalmar sirri, darakta ya buɗe saƙon. Baturiya ta amince, tana son jakunkunan duka. Aka rubuta mata amsa nan take, guɗa ta tashi har makwabta suka leƙo ta katanga.

Lokotoro ya so ya ceci abin da ya saura. Ya jawo makirfo.

"Comme vous voyez, wannan duk cikin darasi ne. Na nuna muku muhimmancin sécurité. Yanzu zan canza tambayar, don tsaro..."

"A'a, bar ta yadda take," in ji Hajiya, tana naɗe wayar na'urar. "Wannan ko ka sake mantawa, sai mu aika kasuwa a tambayo."