Fitilun Mijin Gulsara

Wani ne a ƙauyenmu, can gindin duwatsun Altai, mai babur ɗin tafiya kan dusar ƙanƙara. Babur ɗin tsoho ne, amma yana kai mutum inda za shi. Fitilarsa ce kawai ba ta yi wa mutumin ba, wai haskenta ja ne kamar idon tsohuwar tunkiya.

A shekarar nan uban matarsa, Tolegen, ya yanka dokin da akan ci namansa a lokacin sanyi, ya gayyaci dangi kaf. Kun dai san mijin 'ya a gidan surukai, shi ne mai faskare, shi ne mai aike. Sai aka ɗora masa babban aiki: ya ɗauko Ata Jumagali daga hayin kogi. Ata shi ne dattijon dangi, kuma ba mai sa hannu a akushi sai ya ɗaga hannu ya sa albarka.

Mutumin ya ce wannan ce ranar da surukai za su san wa suka ba 'ya. Ya tafi kasuwa ya sayo fararen fitilun nan na LED cike da jaka. Ya cire tsohuwar fitila ya jefa a kwandon kaji. Ya jera sababbi a goshin babur, ya ɗaura wasu a kan sitiyari, wasu a gefe. Da waya ta ƙare masa, sai ya yanke wadda ke ɗumama mariƙin hannu ya haɗa da ita.

Matarsa Gulsara ta leƙo rumfa da butar shayi.

"Jar waya da baƙar nan, ka tabbata haka ake haɗa su?"

"Ke koma wajen tukunyarki. Wuta aikin maza ne."

Ya dangana waya da batir. Tartsatsi ya tashi, fat! Ƙauri ya cika rumfa.

"To, namiji," in ji Gulsara, "rabin gashin bakinka ya tafi. In kawo almakashi a daidaita?"

Bai kula ta ba. Ya juya wayoyin, ya naɗe da salatif, ya danna makunni. Jama'a, haske! Zakaru suka yi cara. Saniyar maƙwabta ta taso tana neman a tatse ta. Mutumin ya tsaya yana shafa sauran gashin bakinsa.

Ranar walima Gulsara ta yi gaba da safe. Shi kuwa ya ƙi tashi da wuri, don fitila ba ta nuna kanta da rana. Sai da la'asar ta yi sanyi, duhu ya fara sauka, sannan ya isa ƙofar Ata.

Tsohon ya fito yana kare ido da hannu.

"Wane ne wannan? Jirgi ne ya sauka?"

"Ni ne, Ata, mijin Gulsara. Hau baya."

"Ɗana, ɗaukata ka zo yi ko gasa ni?"

Suka kama hanya. Ba su kai kogi ba dusar ƙanƙara ta fara zuba. Hasken ya soma ragewa, ya ragu, ya ragu, har ya koma kamar kyandir a cikin tulu. Mutumin ya tsaya ya duba. Dusa ta lulluɓe fitilun duka. Ya share da hannun riga, suka ci gaba. Tafiya kaɗan, ta sake rufewa.

"Tsohuwar fitilarka da zafinta take narkar da ita," in ji Ata. "Ina ka kai ta?"

Mutumin ya taɓa sababbin, ya ji su sanyi ƙalau.

"Ai na gane. 'Yan birni ne, Ata, ba su saba da sanyinmu ba. Ara mini hularka su ɗan ji ɗumi."

"Hulata? Ni da ba ni da gashi ko ɗaya?"

"To, miƙo fulas ɗin shayin."

Ata ya ga abin da ke shirin faruwa, ya kafa baki ya shanye abin da cikinsa zai ɗauka, sannan ya miƙa. Mutumin ya tsiyaye sauran a kan fitilu. Dusa ta narke, haske ya dawo.

"Ka gani, Ata? Ilimi!"

Kafin ya rufe baki, shayin da madararsa sun daskare a kan gilashi, tauri kamar dutse.

Ya zaro wuƙa ya durƙusa yana kankara. Yatsunsa sun sandare, tun da mariƙin hannu ya daina ɗumi, wuƙa sai faɗuwa take yi. Ata kuwa shayi ya sauko masa. Ya lallaɓa ya sauka, ya kewaya bayan wata bishiya zai kama ruwa.

Mutumin ya gama kankara, haske ya watsu har tsallaken kogi. Ya yi tsalle ya haye.

"Riƙe ni da kyau, Ata, kafin su sake rufewa!"

Ya murɗa wuta. Babur ya tashi kamar an sauke masa buhu.

"Ka ji gudu, Ata? Hasken ne ke jan sa!"

Shiru.

"Ai dole ka rasa bakin magana. In ka zo sa albarka, ka ɗan ambaci fitilun."

A gidan Tolegen kuwa nama ya huce, kitse ya yi fari a kan romo. Yara sun yi kuka har sun gaji. Baƙi na zaune suna kallon akushi, akushi na kallonsu. Sai ga haske ya cika taga. Kowa ya fito.

Mutumin ya zagaya tsakar gida sau biyu don kowa ya gani, sannan ya tsaya a gaban uban matarsa.

"Baba, ga mu."

"Ku wa?" in ji Tolegen. "Ina Ata?"

Ya waiwaya. Kujera wayam, sai dusa a kanta. Ya ɗaga shimfiɗar kujerar ya leƙa ƙarƙashi.

Uwar Gulsara ta tafa hannu.

"Wayyo ni! Mutum guda, da gemunsa da sandarsa, ya ɓace maka? Da wannan hasken duka ba ka gani ba?"

Ya ce, "Haba Inna, ai fitilun duk gaba suke kallo. Shi kuwa a baya ya zauna."