Ɗanasabe Ya Rasu Sanye da Rigar Leshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin riƙewa, ni Shamima Abdul-Fatawu ta unguwar University Heights da ke Bronx nake sanar da 'yan'uwa da abokan tsere rasuwar Ɗanasabe, sitiyarin da nake tseren motoci da shi a kwamfuta. Ya cika ranar Asabar da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ɗaure a teburin cin abincinmu, yana bakin aiki.

Marigayin ya zo hannuna wata Asabar ta shekarar 2014, daga rumfar Malam Hamidou a Canal Street, inda na same shi a kwali tsakanin cajoji da jakunkunan mata. Na hannu ne. Fatarsa ta goge, fedar birkinsa tana kukan ƙiiƙ kamar ƙyauren banɗaki. A kan cinyata ya hau jirgin ƙasa har Bronx.

Ga waɗanda ba su san sana'arsa ba: tseren juriya muke yi ta intanet, awa shida ko goma sha biyu, direbobi uku suna karɓar mota ɗaya, kowa daga ɗakinsa. Aji biyu ne a kan titi guda. Akwai furototaif, motocin da aka ƙera don tsere kaɗai, ba a sayar da su ga kowa. Akwai GT, dangin motocin da attajirai ke hawa, an ƙara musu ƙarfi. Mu 'yan GT ne. Ladabin ajinmu shi ne, in babbar mota ta haska miki fitila daga baya, ki riƙe layinki, kada ki razana, ki bar ta ta wuce. Shekara uku ana haska mana fitila, ni da shi. Bai taɓa kaucewa ba. A kowace kwana sai dai ya yi gurnani, grrr, ya ja hannuna, ya faɗa mini tayoyin sun fara gajiya kafin idona ya gani.

A bana Jibrin, shugaban ƙungiyarmu da ke Port Richmond, ya ce akwai kujera ɗaya a motar furototaif, tsakanina da abokin tuƙina Dikko. Ya ƙara da cewa babbar mota tana son dantse. Na ce ya jira Asabar.

Ciwon ajali ya zo ta inda ban zata ba. Mahaifiyata, Mma, ba ta taɓa kiran marigayin da wani suna ba sai "wannan abin da ya cinye mana tebur". Amma a gidanmu duk abin da ya samu daraja sai an yi masa sutura: talabijin yana da mayafi, firji yana da nasa. Da safiyar tseren Mma ta fito da rigar da ta ɗinka masa da ragowar leshinta na sallah, har da soso a ciki don kada ƙura ta shiga. Ta zura masa ita a jikin injin da ke juya shi, ta ɗaure tam, ta bar kan sitiyarin a waje. Sannan ta jawo kujera. Ta ce ta ɗauki hutu daga gidan tsohuwar da take kula da ita, yau za ta ga abin da 'yarta ke yi.

Injiniyancin injuna nake karantawa, shekara ta uku. Na san inda yake shaƙar iska, na ga leshin ya toshe wurin. Ina so a rubuta wannan, kada wani ya ɗora wa Mma laifi. Na yi niyyar cirewa in ta tashi duba tukunya. Ba ta tashi ba. Awa uku tana zaune cikin zafin Yuli, duk sanda furototaif ta wuce ni sai ta yi tsaki ta ce, "Waɗannan ba su da tarbiyya ne?"

Muna na biyu a ajinmu lokacin da na ji ƙauri. Gurnaninsa ya koma shiii, ya yi ƙas sau ɗaya, sai ya saki. Sitiyarin ya zama kamar faifai a hannuna. Motar ta tafi kai tsaye ta daki katanga.

Ya rasu ya bar feda uku, waya mai baƙin salatif, tabo biyu a tebur, da ni. Ya kuma bar Mma, wadda har yanzu take cewa tsufa ne ya kashe shi. Ban gyara mata ba.

Jibrin ya ce ranar Juma'a zai rufe sunaye, Asabar mai zuwa ne tsere na ƙarshe. In ban zauna a bayan sitiyari ba, kujerar ta Dikko ce. Ba roƙo nake ba, ban iya ba. Amma na kira duk wanda na sani, na koma Canal Street sau biyu, Malam Hamidou ya ce tun bara bai ƙara ganin irinsa ba. Ba zan ƙara shekara ana haska mini fitila ba.

Za a yi zaman makoki a falonmu, hawa na huɗu, kullum bayan la'asar har Alhamis. Kada a kawo goro, kada a kawo shinkafa. Mai sitiyari a ƙarƙashin gado, ko na ɗansa ne, ko birkinsa na kuka, ya taho da shi aron kwana biyu. Za a kai marigayin wurin tara tsofaffin na'urori ranar Lahadi, bayan tsere. Ba za a sa shi a rigarsa ba. Mma ta wanke ta, ta goge, tana jiran magajinsa. Na ce mata wannan karon ta bar masa taga a baya.